Gwajin illar sinadari ga ido a kan zomo: yadda ake tsara shi da inda yake lalacewa

Duk duron sinadarin da ya fito daga masana'antun Jubail ko Yanbu a Saudiyya, ko wanda aka sauke a tashar jiragen ruwa ta Jiddah, da takardar bayanin tsaro yake tafe. A sashe na 2 na takardar za ka ga an rubuta H318, ko H319, ko H320, lambobin gargaɗi da ke nuna girman illar sinadarin ga ido, ko kuma ba a rubuta komai game da ido ba. Da wannan 'yar lambar ce ake yanke hukuncin ko lebura zai sa tabarau mai rufe gefe da gefe kafin ya buɗe duron, da ko dole ne a kafa famfon wanke ido kusa da inda yake aiki. 'Yan'uwanmu da yawa ne ke wannan aikin ɗauka da juyewa da hannunsu, shi ya sa wanda Allah ya kai ɗakin gwaje-gwaje daga cikinmu bai kamata ya ɗauki wannan awo da wasa ba.

Gwajin zomo, ɗaya daga hanyoyin da ake samo wannan lambar, ya samo asali ne a 1944, daga John Draize da abokan aikinsa a hukumar abinci da magunguna ta Amurka. Tsarin da ake bi a yau shi ne ƙa'idar OECD, ƙungiyar ƙasashe ta haɗin kan tattalin arziki da ci gaba, mai lamba 405, wadda aka fara amincewa da ita a 1981, kuma gyaran 2012 ya shigar da maganin kashe zafi cikinta a matsayin abin da ake yi kullum. Duk wanda ke aiki da tsohon kwafi, ya ajiye shi.

Kafin a taɓa zomo

Zomo shi ne ƙofar ƙarshe, kuma galibin sinadarai ba sa buƙatar a kai gare shi. Fara da tattara abin da aka riga aka sani: bayanan mutanen da abin ya taɓa faɗa wa a ido, tsofaffin gwaje-gwaje, da sakamakon sinadaran da suka yi kama da shi a gini. Sannan ka auna pH, wato ma'aunin tsami ko kaifin sinadarin. In ya kai 2 ko ƙasa, ko 11.5 ko sama, musamman in yana da ƙarfin riƙe tsaminsa ko kaifinsa ko da an tsarma shi, to ka ɗauka yana lalata ido, ka rubuta, ka wuce. Haka in an tabbatar yana cin fata. Abin da ya ƙone fatar hannu ba sai an tambayi ido ba.

In waɗannan ba su raba gardama ba, sai hanyoyin da ba a taɓa dabba mai rai. Ƙa'idar OECD ta 437 tana amfani da koniyar idon saniya da aka riga aka yanka don nama, wato tantanin nan garai-garai da ke gaban ido. Ana ɗaura ta a wani ɗan maƙali, a zuba mata ruwan sinadarin na minti 10 a zafin digiri 32, ko awa 4 in gari ne da aka dama kashi 20 cikin 100, sannan a auna yadda ta dusashe da yadda rinin fuloresin ke ratsa ta. Makin da ya wuce 55 yana nuna mummunar illa, 3 ko ƙasa yana nuna babu abin da za a rubuta. Ƙa'ida ta 438 idon kaza take amfani da shi, ta 492 kuma tantanin da aka raina daga ƙwayoyin halittar ɗan'adam. Mayanka ba ta yi wuya a ƙasar nan ba, matsalar ita ce zafin hanya: idon saniya a cikin ruwan gishirin Hanks ake ɗauko shi, cikin kula mai ƙanƙara, a yi aiki da shi a ranar, kuma duk wanda wuƙa ta karce ko yake da tabo a yar da shi. Gazawar 437 da 438 ita ce tsakiya. Suna gane mai tsanani, suna gane marar illa, amma abin da ya faɗo tsakani ba sa iya yanke masa hukunci su kaɗai. A 2022 OECD ta ƙaro 467 da 492B, waɗanda ke iya raba rukunan nan uku, mai tsanani da matsakaici da marar illa, ga irin sinadaran da suka shafa, don haka ka duba su kafin ka ce hanya ta ƙare.

Sai in duk wannan ya gaza, kuma hukuma na neman amsa, za ka rubuta wa kwamitin ɗa'ar bincike na ma'aikatarku. A Saudiyya dokar ɗa'ar bincike a kan halittu masu rai ta 1431 Hijiriyya, wato 2010, ta haɗa har da dabbobi, kuma kwamitocin ma'aikatu suna ƙarƙashin kwamitin ƙasa na ɗa'ar ilimin halittu. Kada ka sayi zomo ko ɗaya kafin amincewa ta fito a rubuce. A nemi kuma izinin maganin kashe zafi na bufurenofin tun da wuri, domin yana cikin magungunan da ake kullewa a rubuta duk abin da aka ɗiba, kuma takardunsa na iya ɗaukar lokaci fiye da na zomayen.

Zomon da ɗakinsa

Farin zomo zabiya ake so, matashi da ya balaga, mai lafiya, galibi jinsin New Zealand White mai nauyin kilo 2 zuwa 3. An zaɓi zabiya ne don idonsa ba shi da launin da zai ɓoye ja ko kumburin jijiyoyi. A samo shi daga wurin kiwon dabbobin bincike. Zomon kasuwa sau da yawa yana ɗauke da ƙwayar Pasteurella, mai sa mura da kwantsa, kuma in idon ya yi ja a rana ta uku ba za ka san ko sinadari ne ko cuta ba. A bar shi ya saba da ɗakin na kwana biyar zuwa mako guda, kowane a kejinsa.

Ƙa'idar ta ce zafin ɗaki digiri 20, da sassaucin 3 sama ko ƙasa, laima kuma kada ta gaza kashi 30, kada ta wuce 70, an fi son 50 zuwa 60, haske awa 12 duhu awa 12. A takarda wannan layi ɗaya ne, amma a nan ƙasar shi ne rabin aikin. A Riyad iska a bushe take tun daga waje, mukayyif, wato na'urar sanyaya ɗaki, kuma ya ƙara busar da ita, har laimar ɗaki ta faɗi ƙasa da 30 ba wanda ya lura. Zomo dama ba ya yawan ƙifta ido, in aka haɗa masa da ɗigon kashe zafi sai koniya ta bushe, rini ya kama ta, a ɗora wa sinadari laifin da ba nasa ba. A Jiddah da Jubail akasin haka ake fama da shi, laima ce ke yin yawa, shimfiɗar keji ta jiƙe, zarnin fitsari ya tashi ya riƙa sa idanu ja. A rataya ma'aunin zafi da laima mai ajiye bayani da kansa, a daidai tsayin kejin, nesa da bakin mukayyif. Ranar da guguwar ƙura ta taso a duba matatar iska. Dole kuma ɗakin ya kasance a kan layin janareta, domin zomo ba ya jure zafi, kuma 'yan awoyi babu sanyi a watan Yuli sun isa su kashe shi.

Cikin awa 24 kafin gwaji a duba idanu biyun da kyau, da fitila da madubin ƙara girma, ko na'urar duba ido mai siririn haske in akwai. Wurare da yawa suna ɗiga fuloresin a wannan duba, sannan su wanke shi tas da ruwan gishiri. Zomon da aka ga ja, kwantsa, hakiya ko ƙarce a idonsa, a cire shi.

Agogo ne ke tafiyar da gwajin

Ka zauna da kalanda kafin ka zaɓi rana. Ana ba da maki a awa 1, 24, 48 da 72, sannan rana ta 7, 14 da 21. Da yake hutun mako Juma'a ne da Asabar, in ka fara ranar Lahadi, duban nan uku masu muhimmanci na awa 24, 48 da 72 za su faɗo Litinin, Talata da Laraba, sauran kuma duk Lahadi. Wanda ya fara ranar Laraba, duban awa 48 da 72 za su faɗa cikin hutu, a bar wa mai gadin dabbobi ko wani da bai saba ba da maki ba. Duk da haka hutu ba ya ɗauke duba dabba kullum da ba ta magani.

Sa'ar farawa ma haka. Minti 60 kafin a zuba sinadari ana yi wa zomo allurar bufurenofin ƙarƙashin fata, miligiram 0.01 a kowane kilo. Minti 5 kafin zubawa ana ɗiga ɗigo ɗaya ko biyu na maganin kashe zafin ido, furofarakain ko tetirakain mai ƙarfin kashi 0.5, wanda ba a sa masa sinadarin hana lalacewa ba, a idanu biyun duka, don in maganin ne ya jawo wani abu a gan shi a idon da ba a taɓa ba. Awa 8 bayan zubawa a maimaita bufurenofin, a haɗa da melosikam, wani maganin zafi da kumburi, miligiram 0.5 a kowane kilo. Daga nan bufurenofin duk awa 12, melosikam duk awa 24, har ido ya warke. To in ka zuba da ƙarfe 8 na safe, allura za ta faɗo 4 na yamma da 4 na dare, kuma ta daren nan ita ce ake tsallakewa. In ka zuba da ƙarfe 10, za ta faɗo 6 na yamma da 6 na safe, bayan an idar da Asuba, lokacin da mutum zai iya zuwa da gaske. A watan azumi, da awoyin aiki ke raguwa, a rubuta sunan wanda ke da kowace allura tun kafin a fara.

Lissafin allurar wuri ne da ake yawan zamewa. Zomo mai kilo 2.5 yana buƙatar miligiram 0.025 na bufurenofin. In kwalbar mai miligiram 0.3 ce a kowane mililita, abin da za ka ja kusan mililita 0.08 ne, wanda sai da ƙaramin sirinji mai mililita 1 ake iya auna shi. Melosikam ɗinsa miligiram 1.25 ne, wato mililita 0.25 daga kwalba mai miligiram 5 a mililita. In zomo ya nuna yana jin zafi duk da haka, yana ta dukan ido da ƙafa, ko goga shi, ko yawan ƙiftawa da zubar hawaye, nan take a ba shi bufurenofin 0.03 a kowane kilo, ana iya maimaitawa duk awa 8. Lura cewa wannan adadin ma mililita 0.25 ne ga wancan zomon, daidai da na melosikam, don haka a manna wa kowane sirinji suna. Melosikam ba a ba da shi kafin awa 8 ta cika. Bufurenofin kuma kan rage cin abinci da motsin hanji, saboda haka a riƙa duba abin da zomon ya ci da kashin da ya yi, a kuma auna nauyinsa.

Zubawar kanta

Da zomo ɗaya tak ake farawa. Mutum ɗaya ya naɗe shi cikin tawul ya tallafi bayansa da ƙugunsa, domin in ya yi harbi da ƙafafun baya yana iya karya ƙashin bayansa. Ba a ɗaga zomo da kunne. Na biyu ya ja fatar ido ta ƙasa a hankali har ta buɗe 'yar aljihu, ya zuba sinadarin a ciki, ya haɗa fatun idon biyu na kamar daƙiƙa ɗaya, ya saki. Ɗaya idon ba a sa masa komai, shi ne na kwatance. Bakin sirinji, wanda aka cire wa allura, kada ya taɓa koniya.

Ruwa mililita 0.1 ake zubawa. In mai kauri ne yakan maƙale a jikin bututun awo na yau da kullum, a zuba ƙasa da abin da aka rubuta, don haka a yi amfani da sirinji ko bututu mai turawa kai tsaye. Gari ko kwaɓi, ko dai cikin mililita 0.1 ko nauyin da bai wuce miligiram 100 ba. A niƙa shi lukui, a ɗan bubbuga mazubin ya zauna, sannan a auna nauyin abin da ya cika awon a rubuta, domin gari marar nauyi zai cika mazubin tun bai kusanci miligiram 100 ba. In ba a niƙa da kyau ba, tsakuwar ce za ta karce ido. Gari mai shan laima kuma yana dunƙulewa cikin 'yan mintuna a iskar bakin teku, a buɗe shi dab da zubawa. Abin fesawa ana tara shi ne a mazubi a ɗibi mililita 0.1. Sai wanda ke cikin gwangwani mai matsi, da ke bin iska kafin a tara, shi ne ake fesawa sau ɗaya na daƙiƙa guda daga nisan santimita 10, a auna gwangwanin kafin da bayan fesawa.

Ba a wanke idon kafin awa 24. Togaciya biyu ce: in an ga yana cin idon nan take, ko in gari ne kuma har awa 1 hawaye bai fitar da shi ba, sai a wanke da ruwan gishiri ko tataccen ruwa a rubuta lokacin.

In zomon farko ya nuna mummunar illa, gwaji ya ƙare, ba a ƙara wani. In bai nuna ba, ana tabbatarwa da wasu da ba su wuce biyu ba. In na farkon ya nuna illa matsakaiciya, a yi na biyu shi kaɗai tukuna, kuma in shi ya yi tsanani a dakata da na uku.

Ba da maki

Abu huɗu ake dubawa. Dusashewar koniya daga 0 zuwa 4: maki 1 ɗan hazo ne nan da can amma ana ganin zanen zoben launi na ido sarai, 2 zanen ya fara ɓoyuwa, 3 ba a ganin zanen kuma da ƙyar ake gane girman ɗigon tsakiya, 4 fari fat ba a hango komai a baya. Zoben launi daga 0 zuwa 2: maki 1 ya kumbura ko jijiyoyinsa sun cika amma yana motsi in an haska shi, ko da a sanyaye, 2 jini ne ko lalacewa ko rashin motsi gaba ɗaya. Jan tantanin cikin fatar ido daga 0 zuwa 3: maki 1 wasu jijiyoyi sun fito ana iya bin su ɗaya-ɗaya, 2 ja ya game har ba a rarrabe su da sauƙi, 3 ja wur kamar ɗanyen naman sa. Kumburi daga 0 zuwa 4: maki 2 fatar ido ta fara juyowa waje, 3 ido ya rufe rabi, 4 ya wuce rabi. Zomo yana da fatar ido ta uku a kusurwar hanci, ita ma a duba ta.

A nan ne raunin gwajin yake. Tun 1971 binciken Weil da Scala ya nuna ɗakunan gwaji daban-daban suna ba sinadari ɗaya maki masu nisa da juna. Iyakar da ke tsakanin 1 da 2 a jan ido ita ce ta fi rikita mutane, kuma ita ce ke yanke ko za a rubuta gargaɗi ko a'a. Saboda haka mutum ɗaya ya ba da maki daga farko har ƙarshe, da fitila iri ɗaya, a wuri ɗaya, ya fara da idon kwatance, ya kuma ɗauki hoto kowane duba. Ya ba da makin ja kafin ya dame idon da buɗewa da haskawa, domin taɓawar kanta na ƙara ja. Fuloresin sai bayan an rubuta makin awa 24. A ƙarƙashin shuɗin haske wurin da saman koniya ya saluɓe zai fito kore shar, a zana faɗinsa a takarda don a ga ko yana raguwa. Kama rini da dusashewa abu biyu ne, kada a mayar da ɗaya makin ɗaya.

A kwana ukun farko ana leƙa zomon sau da yawa a rana, kuma alamun zafi ana rubuta su aƙalla sau biyu kullum, da tazarar awa 6 ko fiye. Akwai abubuwan da in an gani ba a jiran rana ta 21: koniya ta huje ko ta yi gyambo mai zurfi, jini ya taru a gaban ido, dusashewa ta kai 4, zoben launi ya kwashe awa 72 bai motsa da haske ba, tantanin cikin fatar ido ya yi gyambo ko ya ruɓe ko yana saluɓewa. Haka likitan dabbobi zai auna in ido na zubar da mugunya, ko fiye da rabin da'irar da koniya ta haɗu da farin ido ta yi fari, ko jijiyoyin jini sun fara hawa koniya alhali wurin rinin bai ragu ba har kwana 5. Waɗannan ba sa warkewa, amsar ta riga ta fito, sai likitan ya kashe dabbar ba tare da azaba ba, galibi da allurar fentobabital ta jijiyar kunne. Hadisin Shaddad ɗan Aus da ke cikin Sahihu Muslim, cewa Allah ya wajabta kyautatawa a kan kowane abu har wajen kisa da yanka, ya shafi wannan ɗakin kamar yadda ya shafi mayanka. Zomon da bai nuna komai ba kuwa, ba a rufe gwajinsa kafin kwana 3.

Daga maki zuwa lambar kan duro

Kowane zomo ana fitar masa da matsakaicin makinsa na awa 24, 48 da 72, ga kowane ɗaya daga abubuwa huɗun. Makin awa 1 ba ya shiga lissafin. Rukuni na 1, H318, shi ne in ko zomo ɗaya ne bai warke ba har kwana 21, ko biyu cikin uku sun kai 3 a dusashewa ko sun wuce 1.5 a zoben launi. Rukuni na 2A, H319, in biyu cikin uku sun kai 1 a dusashewa, ko 1 a zoben launi, ko 2 a ja, ko 2 a kumburi, kuma komai ya washe cikin kwana 21. In ya washe cikin kwana 7 ana iya kiransa 2B, H320, a ƙasashen da suka karɓi wannan rabon. Tarayyar Turai ba ta karɓa ba, don haka a duba inda kayan za su.

Ga misali na lissafi. A jan ido zomon farko ya samu 1, 1, 1, na biyu 2, 2, 2, na uku 3, 2, 1. Matsakaicinsu 1 ne, da 2, da 2. Biyu sun kai 2, sinadarin ya shiga rukuni na 2. Wanda ya tara makin tara duka ya raba zai samu 1.67, ya ce babu illa, duro ya fita ba gargaɗi. Wannan kuskuren yana shigewa cikin rahoto cikin sauƙi, musamman in an bar wa kwamfuta ta fitar da matsakaici ba a duba layin da ta haɗa ba. Irinsa kuma shi ne a rufe gwaji a rana ta 14 da ɗan maki 1 da ya rage a koniya, a ce ai ya kusa warkewa. Ko dai a bi shi har 21 a ga ƙarshensa, ko a rasa hujjar cewa yana warkewa.

Rahoton ya ƙunshi lambar zubin kayan daga masana'anta da tsabtarsa da pH, dalilin da ya sa hanyoyin da ba na dabba ba suka gaza, makin kowane zomo a kowane duba, sa'a da adadin kowace allura, da bayanan zafi da laimar ɗaki. In an makara da allura, ko mukayyif ya tsaya na awa biyu, ko wani daban ne ya ba da makin rana ta 14, a rubuta shi yadda ya faru da abin da ake ganin ya shafa. Ragowar sinadarin kuma a ajiye samfurinsa a rufe da lambarsa, don in an yi jayayya a kan abin da aka zuba a iya sake auna shi.